Turancin Ciniki da Bashi: Abin da Za Ka Yi da Wanda Ba Za Ka Yi Ba

Babban Mutum gari ne na bakin iyaka. Yana cikin ƙaramar hukumar Baure a masarautar Daura, daga shi kuma sai ƙasar Nijar, hanyar da ke bi ta Magarya ta nufi Damagaram. Ciniki a nan da Hausa ake yin sa: da ita ake tayawa, da ita ake cewa albarka, da ita ake sallamawa. Amma da zarar magana ta hau takarda, ko ta shiga waya, ko ta fito daga na'urar POS, sai ta rikiɗe ta koma Turanci. Ranar da rigima ta tashi kuwa, takardar nan ita banki zai riƙe, ita alƙali zai karanta. Abin da aka faɗa maka da baki a gindin bishiya babu mai tambayar sa. Saboda haka ga dokoki nan ga manomi, da mai shago, da ɗan sari, da mai keke, da uwargidan da ke sana'a a cikin gida. Kalmomin Turancin na rubuta su yadda suke a takarda domin ido ya gane su in ya gan su.

Kada ka dangwala yatsa a kan kalmar da ba ka mayar da ita Hausa ba. Wannan ita ce uwar dokokin, sauran duk 'ya'yanta ne. Bahaushe bai taɓa zama baƙo a harkar bashi ba. Yana da aro, inda za ka mayar da ainihin abin da ka karɓa, kamar garma ko jaki. Yana da rance, inda za ka kashe abin ka biya da makamancinsa, kamar kuɗi ko tiyar gero. Yana da bashi, da jingina, da ajiya, da lamuni, da kyauta, kowanne da hukuncinsa, kuma yaron da ke zaman shago ma ya san bambancinsu. To duk takardar da aka miƙo maka, ka tsare mai miƙowar da tambaya ɗaya: wannan a cikinsu wanne ne? In ya ce ai duk ɗaya ne, tashi ka kama gabanka. Aya ta 282 a Suratul Baƙara, wadda ta fi kowace aya tsawo a Alƙur'ani, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, kuma a cikinta wanda bashin ke kansa shi aka ɗora wa faɗin abin da za a rubuta. Yaya mutum zai faɗi abin da bai ma san ma'anarsa ba? Dokar ƙasa ita ma ta tanadi kariya ga wanda bai iya karanta harshen da aka yi rubutu da shi ba: wanda ya rubuta takarda a madadinsa sai ya sa sunansa da adireshinsa, a matsayin shaidar cewa an karanta masa an fassara kafin ya dangwala. Ka nemi a yi hakan a gabanka, kuma mai fassarar ya zama naka, kada ya zama na mai ba da bashin.

Kada ka kira loan tallafi. Loan rance ne, za a biya. Grant shi ne kyautar da ba a biya. A bakin 'yan siyasa da wasu wakilai duka biyun tallafi ne, kuma wannan kalma mai daɗi ta jefa gidaje da yawa cikin baƙin ciki. Kowa ya san yadda ake yi. Mota ta tsaya a ƙofar mai unguwa, an shimfiɗa tabarma, an fito da fom-fom da kwalin tawada, ana kiran suna ana cewa kawo lambar BVN, kawo hoto biyu, dangwala nan, dangwala nan, na baya ya matso. Mutum hamsin sun dangwala kafin azahar, babu wanda ya karanta layi ɗaya. Shirin Anchor Borrowers da Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar a Birnin Kebbi a Nuwamban 2015 rance ne, sunansa ma ya faɗa, domin borrower mai cin bashi ke nan. Babban Bankin Najeriya ya fitar da sama da naira tiriliyan 1 a ƙarƙashinsa, manoma da dama suka karɓi iri da taki da injin ban-ruwa a matsayin rabonsu na arzikin ƙasa, daga baya aka biyo su. TraderMoni na 2018, mai naira 10,000, rance ne na wata shida. Kuɗin korona na 2020 da aka raba ta bankin NIRSAL rance ne. Tun 1 ga Agustan 2020 kuma akwai tsarin da ake kira GSI, wanda ke bai wa bankin da ke bin ka damar bin lambar BVN ɗinka ya ɗebi kuɗinsa daga asusunka na wani bankin. Mutum ya sayar da sa, an turo masa kuɗin, kafin ya isa wurin mai POS an kwashe. Zai ce an yi masa sata, alhali yatsansa ne ya ba da izini shekara uku da suka wuce. Ina ganin laifin waɗanda suka raba fom ba bayani ya fi girma, amma bashin a wuyan mai yatsa yake. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Kada ka ara wa kowa BVN ɗinka ko NIN ɗinka, ko da ɗan ɗakinku ne, ko da ya yi maka alkawarin kaso. Bashin da aka ci da lambarka naka ne.

Ka san cewa credit fuska biyu gare ta. A saƙon banki, credit ko CR na nufin kuɗi sun shigo maka, debit ko DR na nufin sun fita. A takardar ciniki kuwa, on credit ko credit sale na nufin an ba da kaya bashi, credit facility kuma rancen banki ne da aka yi wa ado. Creditor shi ne mai bin bashi, debtor shi ne wanda ake bi. Haka lender mai ba da rance ne, borrower mai karɓa. Kafin komai ka duba a gefen wace kalma aka rubuta sunanka. In a ƙasan takardar asusunka ka ga adadi da DR a bayansa, kada ka yi murna, banki ne ke bin ka. Overdraft shi ne banki ya bar ka ka ciri fiye da abin da ke asusunka, kuma kuɗin ruwa na hawa kansa kullum.

Kada ka saki kaya saboda abin da ka gani a wayar mai saye. Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, lokacin canjin naira, turansifa ta shiga kowace rumfa, har ta mai ƙosai, ɓarayin zaune kuma suka shigo tare da ita. Ga yadda abin ke faruwa: an ɗora buhu biyar na wake a amalanke, mai saye ya juyo maka da fuskar wayarsa, koren rubutu ya ce successful, yana cewa ya tafi, Alhaji, matsalar sabis ce, motarmu za ta tashi. Successful a wayarsa labarinsa ne. Naka labarin yana cikin asusunka, can za ka buɗe ka ga adadin ya ƙaru. Saƙon tes kaɗai ma bai isa ba, domin ana ƙirƙirar na bogi. Pending ko processing na nufin kuɗin suna hanya, suna iya isowa, suna iya komawa. A 'yar takardar POS, approved an amince ke nan, declined an ƙi, insufficient funds kuɗin asusun ba su kai ba. In ta ce declined amma an ciri kuɗinka, abin da kake jira sunansa reversal, wato dawowar kuɗi. Umarnin Babban Banki na Yunin 2020 ya ba da awa 72 ga irin wannan a POS. Kada ka jefar da 'yar takardar, kuma kada ka dogara da ita, domin rubutunta na gogewa da zafin aljihu cikin 'yan makonni. Ka ɗauki hotonta nan take. Ka kai kuka bankinka a rubuce, a ba ka lambar ƙorafi, in mako biyu ya wuce shiru ka ɗaukaka zuwa sashen kare masu hulɗa da bankuna na Babban Banki.

Kada ka bari a ce maka interest riba ce. Interest kuɗin ruwa ne, profit shi ne ribar ciniki. Harshenmu a nan yana da tarko, domin kalmar da Larabci ke kiran haramtaccen ƙari da ita, wato riba, ta yi kama da wadda mu muke kiran halattaccen abin da ɗan kasuwa ya samu a kan jarinsa da ita, kuma akwai masu fakewa da wannan. Hukuncin kuɗin ruwa a addini sananne ne, limamin unguwarku zai faɗa maka shi ba ƙumbiya-ƙumbiya. Amma tun da mun san akwai masu shiga, to aƙalla su shiga da ido buɗe. Principal shi ne uwar kuɗi. Rate shi ne kason da za a ɗora. In aka ce maka kashi 5 cikin 100 ne kawai, ka tambaya: a wata ko a shekara? Per month a wata, per annum ko p.a. a shekara. Kashi 5 a wata kashi 60 ne a shekara. Sannan ka sake tambaya: flat ne ko reducing balance? Ɗauki misalin naira 200,000 da za a biya cikin wata 10, kashi 5 a wata. In flat ne, kowane wata za a caje ka 10,000 kamar ba ka taɓa biyan ko kwabo ba, jimilla 100,000. In reducing ne, ana lissafi a kan abin da ya saura: wata na farko 10,000, na biyu 9,000, na uku 8,000, har na ƙarshe 1,000, jimilla 55,000. Kalma ɗaya ta raba ka da naira 45,000, kuɗin abincin gida na kwanaki. Bayan wannan akwai su processing fee, management fee, insurance, waɗanda sau da yawa ake zarewa tun kafin kuɗin su iso hannunka, ka sa hannu a kan 200,000 ka karɓi ƙasa da haka, ruwa kuma ya hau kan 200,000 cif. Kada ka tsaya jayayya a kan kaso. Ka ce a rubuta maka lambobi biyu: nawa zai shigo hannuna yau, nawa zan biya gaba ɗaya.

Kada kuma ka ɗauka non-interest na nufin kyauta. Jaiz ya fara aiki a 2012, TAJ a 2019, Lotus a 2021, duk bankuna ne marasa kuɗin ruwa. A tsarin murabaha bankin ne ke sayen kayan ya sayar maka da ƙarin riba sananniya, ka biya sannu a hankali. Ciniki ne, kuma ciniki na iya yin tsada. Ka tambayi nawa suka saya, nawa suka ɗora, kamar yadda za ka tambayi kowane ɗan kasuwa.

Ka haddace kalmomin lokaci. Tenor tsawon wa'adin bashi ne. Due date ranar biya ce. Moratorium ko grace period ɗan hutu ne kafin a fara biya, kuma a yawancin yarjejeniyoyi ruwa na ci gaba da taruwa a cikin hutun, sai ka tambaya. Arrears bashin da lokacinsa ya wuce ne. Default saɓa alkawari ne, penalty tarar da ke biyo shi. Rollover sabunta bashi ne a ɗora tsohon ruwa a kan uwar kuɗi, ka guje shi. Manomi musamman, kada ka karɓi rancen da biyansa zai fara a tsakiyar damina alhali geronka da riɗinka sai kaka. Wanda ya yi haka zai sayar da amfaninsa tun yana tsaye a gona, da farashin da mai kuɗi ya ga dama. Tun 2017 akwai dokar da ta tsara kamfanonin adana tarihin masu cin bashi, irin su CRC da FirstCentral. Sunan da ya ɓaci a banki ɗaya, sauran bankuna suna gani.

Kada ka tsaya wa mutum a bashin da ba za ka iya biya daga aljihunka ba. Kalmomi huɗu ke zuwa a ƙasan fom, mutanenmu kuma duk shaida suke kiran su. Witness shi ne shaida, ya ga an sa hannu, shi ke nan nasa. Referee mai cewa na san shi ne, kamar a buɗe asusu. Next of kin shi ne wanda za a nema in wani abu ya faru, wannan bai sa ya zama magaji ba, bai kuma ɗora masa bashi ba. Guarantor ko surety kuwa mai lamuni ne: in wancan ya kasa, ko ya gudu, kai za a kama, kuma yawancin takardun banki an rubuta su ne yadda za a iya zuwa kanka kai tsaye ba sai an gama neman sa ba. In ka ga jointly and severally a rancen ƙungiya, ma'anarsa ana iya bin mutum ɗaya bashin kowa da kowa. Lamuni ba sabon abu ne gare mu ba. Cinikin shanu tsakanin Arewa da Ibadan a kansa ya ginu, kamar yadda Abner Cohen ya bayyana a bincikensa na 1969 kan Hausawan unguwar Sabo a Ibadan: maigida ne ke tsaya wa mahauta a gaban falke, in mahauci ya ci amana maigida ya biya. Amma maigidan nan ya san mahautansa ɗaya bayan ɗaya, yana kuma cin la'ada a kan kasadar da ya ɗauka. Kai me ka sani game da kasuwancin surukin ƙanenka, me kuma za ka samu? Na san kunya ke sa mutane sa hannu. A ce maka, Yaya, sunanka kawai za a sa, ka ji nauyin cewa a'a. Ka ce a'a. Ɓacin ran kwana biyu ya fi sauƙi a kan gabar da za ta biyo bayan an ɗauke maka shanun huɗa. Ke ma Hajiya, uwar adashi, kada ki ɗauki lamunin mata ashirin don an kira ki shugaba.

Kada ka kai gonar gado collateral. Collateral ko security shi ne abin da ka ajiye a madadin bashi, amma kada ka auna shi da jinginar da ka sani. A jinginar gargajiya gona na zama a hannun mai kuɗi har ranar da mai ita ya samu ya fanshe ta, ko bayan shekara goma, ko ɗansa ne ya zo. Mortgage ba ya jira haka. A cikinsa akwai power of sale, ikon sayarwa: wa'adi ya cika, an ba ka sanarwa, an yi gwanjo, gona ta tafi har abada. Gonar da ba a raba ba kuwa akwai haƙƙin 'yan'uwanka mata da marayu a ciki, ba ka da ikon jinginar da ita ko a shari'a ko a doka. Dokar filaye ta 1978 ma ta sa sai da amincewar gwamna ko ta ƙaramar hukuma, gwargwadon irin takardar filin. Dokar 2017 ta halatta jinginar da kadarar da ake iya ɗauka, irin dabbobi da injina da amfanin gona, ana kuma yi musu rajista. Saboda haka kada ka sayar da injin da ka riga ka jingina, kada kuma ka sayi babur ko injin niƙa na hannu ba ka bincika ko akwai bashi a kansa ba.

Mai keke da mai babur, ka bambance hire purchase da instalment. A cinikin instalment kaya sun zama naka tun ranar farko, kuɗin ne kake biya kaɗan-kaɗan. A hire purchase kai ɗan haya ne har ranar da ka biya kwabon ƙarshe, sannan keken ya zama naka. Balas ɗin da direba ke kai wa mai keke kullum ko duk mako shi kuma abu ne na uku, haya ce zalla, ko shekara biyar ka yi kana kaiwa ba ka mallaki ko taya ba. Dokar hire purchase ta 1965 tana da kariyar da mafi yawan samarinmu ba su sani ba: in ka biya kashi uku cikin biyar na kuɗin abin hawa, mai shi ba zai ƙwace ya sayar da gaban kansa ba, sai ta hanyar kotu. A keken da aka rubuta naira miliyan 5, wannan miliyan 3 ke nan. In biya uku suka taru a kanka yana iya ɗauke keken ya ajiye kafin kotu ta yanke hukunci, amma ajiya ce. Wannan kariya ba ta da amfani ga wanda ba shi da rasit. Duk biyan da ka yi a sa maka hannu da kwanan wata, kada ka yarda da ai mun san juna.

Ka tambayi makomar kuɗin da ka fara bayarwa. Part payment wani ɓangare ne na farashi. Advance biya ne kafin a kawo kaya ko a yi aiki. Deposit a banki ajiya ce, a ciniki kuwa kafin alƙalami ne, kuma in an rubuta non-refundable a gefensa, ranar da ka fasa ya tafi. Balance shi ma sai an lura: a asusu abin da kake da shi ne, a takardar ciniki cikon da ake bin ka ne, outstanding balance bashin da ya saura.

Kada ka karɓi invoice a matsayin rasit. Invoice takardar neman biya ce, tana cewa ga kaya ga kuɗinsu. Receipt ita ce shaidar an biya. Mutum ya je Kantin Kwari ko Singa a Kano ya biya kuɗin sari lakadan, ya dawo da invoice babu hatimin paid, a ido na doka ana bin sa. Proforma ko quotation farashi ne kawai aka faɗa maka, ciniki bai faɗa ba. Waybill takardar rakiyar kaya ce a mota, ka ƙirga kayan kafin ka sa hannu, domin received in good condition na nufin ka karɓe su lafiya lau, bakinka ya rufu.

Sauran na shago ba sa buƙatar dogon bayani. Wholesale sari, retail sayarwa ɗai-ɗai. Commission la'ada ce ko kamasho, a yanke shi kafin ciniki. Sale or return na nufin abin da bai sayu ba za ka mayar, a rubuta ranar mayarwa da wanda zai ɗauki asarar abin da ya lalace. Warranty alkawarin gyara ne na ƙayyadadden lokaci, da sharuɗɗa. VAT harajin kaya ne, kashi 7.5 tun Fabrairun 2020, kuma ba a ɗora shi a kan ɗanyen abinci irin gero da wake. Discount ragi ne, amma kayan 10,000 da aka ɗaga zuwa 12,500 sannan aka yi ragin kashi 20 sun dawo 10,000 ɗinsu, ba a rage maka komai ba. Kada kuma ka ci gross profit kana zaton riba ce. Sai ka cire kuɗin mota, da lodi, da sauke, da na rumfa, da abin da aka bari a shingayen hanya, abin da ya saura shi ne net profit. Jari da yawa a nan yake karyewa.

Kada ka rubuta cek alhali ka san asusun babu kuɗi, ko da post-dated ne, wato mai kwanan wata na gaba. Dokar 1977 ta tanadi ɗaurin shekara biyu ba zaɓin tara ga wanda aka samu da wannan laifi. Kada ka sa hannu a cek ko takardar da aka bar gurbin adadi fari.

Kada ka danna allow ko accept a manhajar rancen waya. Wannan ga samari ne musamman. Allow na nufin ka buɗe musu lambobin da ke wayarka, accept na nufin ka yarda da sharuɗɗan da ba ka karanta ba. Rancen kwana bakwai ne, ruwansa ya fi na kowane banki, ranar da ka makara kuma saƙo zai isa wayar mahaifinka da malaminka da surukinka ana kiran ka ɓarawo. Abin ya yi munin da hukumar kare masu saye ta ƙasa, FCCPC, ta kai samame ofisoshin wasu daga cikinsu a Legas a Maris 2022, Google kuma ya hana irin waɗannan manhajoji taɓa lambobi da hotuna daga ƙarshen Mayun 2023. Har yanzu suna yawo ta hanyar link a WhatsApp. Mutuncin gidanku ya fi naira 15,000.

Ka rubuta sunan kuɗin da aka yi ciniki da shi, wannan dokar mutanen iyaka ce. Jaka a bakin dattijon Najeriya naira 200 ce, a bakin mutumin Magarya sefa 1,000 ce, dala kuma a can sefa 5. Takardarsu da Faransanci take: facture ita ce invoice, reçu rasit, avance kuɗin gaba. Sefa a ɗaure take da yuro, naira kuwa an sake ta a Yunin 2023. Dalar Amurka da ke wajen naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a Fabrairun 2024. Wanda ya karɓi raguna bashi da lissafin sefa kafin wannan, yana sayarwa da naira, ya biya ninki ba tare da an ɗora masa ruwa ba. Exchange rate farashin canji ke nan, a rubuta ko na ranar ciniki ne ko na ranar biya. A kuma rubuta abin da za a yi in hanya ta toshe. An rufe iyakokin ƙasa a Agustan 2019, ba a fara buɗewa ba sai Disamban 2020. An sake rufe ta Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, sai Maris 2024 Najeriya ta buɗe. Duk wanda ke cin abinci tsakanin Babban Mutum, Kwangwalam, Mai'aduwa da Maigatari ya ga kaya sun maƙale a wancan gefe, ranar biya kuma ba ta matsa ba.

Kai kuma da ka yi boko, kada ka mai da Turancinka wuƙa. Ma'aikacin banki, wakilin kamfani, sakataren ƙungiyar manoma, ɗan da ke karanta wa mahaifinsa saƙo: in ka ga loan ka ce rance, in ka ga interest ka ce kuɗin ruwa, in ka ga guarantor ka ce Baba, in ya kasa ku za ku biya. Wanda ya tausasa fassara don ya cika adadin fom ɗin da aka ɗora masa ya ci amana, ko da kowace kalma a takardar daidai take. Mai shago, kada ka laƙa no refund a bango ka ɗauka ya wanke ka daga sayar da kaya mai aibi. Shari'a ta ba mai saye zaɓin mayar da shi, dokar kare masu saye ta 2018 ma haka. Littafin bashinka ka rubuta shi da harshen da wanda kake bi zai iya karantawa, boko ko ajami, da kwanan wata da ranar biya, ka karanta masa ya ji. Wanda ya shiga ƙunci da gaske ka saurara masa. Wanda kuma yake da hali yana ja maka rai ka daina ba shi. Kuma kowa ya sanar da iyalinsa abin da ake bin sa da abin da yake bi, domin bashi ake fara fitarwa kafin wasiyya da rabon gado.

Takardun naira 200 da 500 da 1,000 har gobe suna ɗauke da adadinsu da Hausar ajami. In kuɗin sun iya Hausa, babu dalilin da zai sa takardar rancensu ta kasa. Ina kira ga bankunan da ke aiki a Daura, Baure, Zango, Sandamu da Mai'aduwa su buga shafi ɗaya na Hausa tare da kowace yarjejeniya, mai ɗauke da uwar kuɗi, da jimillar biya, da ranar biya, da abin da za a ƙwace in an kasa. Hakimai da dagatai su hana raba fom a ƙasarsu sai an karanta shi da Hausa a bainar jama'a. Shugabannin kasuwa su ajiye mutum ɗaya amintacce mai karanta wa mutane takarda ranar kasuwa. Kafin a yi wannan, ɗan'uwa, duk takardar da aka ba ka ka tafi da ita gida ta kwana, mutum biyu da ba su san juna ba su karanta maka. In mai ita ya ce ba za ta kwana ba, ka bar masa abarsa.